Kwanan wata ya zame a haɗin tebur: a ina ya fi dacewa a gyara shi?

Akawun wani gidan kasuwanci da nake yi wa aikin bayanai a nan Maradi ya kira ni da hantsi, ya ajiye littafin mangaza kusa da allon kwamfuta, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya. "Ƙanena, dubi nan. Motar nan da idona na ga an gama loda ta bayan sha biyun dare, ranar 1 ga Maris. Na'urarka ta ce 29 ga Fabrairu." Na ce, "Yaya, bari in duba." Wake ne aka loda, za a bi da shi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, cinikin kuma da naira aka yi shi. Rahoton yana ɗauko kowane ciniki daga tebur ɗaya, ya haɗa shi da teburin farashin canji na ranar, ya mai da kuɗin sefa. Tunda ranar ta zame, cinikin ya auri farashin jiya, ya kuma faɗa lissafin watan da ya wuce. Da a ce da yuro aka yi cinikin, da babu wanda zai lura da bambancin kuɗi, don sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, jiya da yau duk ɗaya. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ba ta zama wuri ɗaya, a farkon 2024 ma kwana ɗaya kan isa a ga ta motsa. Ita ta tona asirin.

Dalilin bai da zurfi. Apache Spark, manhajar da ke raba aiki ga garken kwamfutoci, tana ajiye nau'in TIMESTAMP, wato hatimin lokaci, a matsayin adadin ƙananan daƙiƙu tun daga 1 ga Janairun 1970 a agogon UTC, agogon duniya da ake auna sauran yankuna da shi. Babu rana a cikinsa, sai an tambaye shi. Idan aka ce ya zama DATE, wato rana zalla ba awa, Spark na duba saitin spark.sql.session.timeZone, wanda in ba a saita shi ba yake bin agogon injin da aikin ke gudana a kai. Injinanmu na haya ne a ƙasar waje, a kan UTC suke. Nijar tana gaban UTC da awa ɗaya duk shekara. Ƙarfe 00:20 na 1 ga Maris a Maradi, 23:20 ne na 29 ga Fabrairu a wurin injin. Duk cinikin da aka rubuta tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya ya koma jiya, sauran awa 23 kuma lafiya lau. Shi ya sa aka daɗe ba a gani ba.

Gano ciwon ya ɗauke ni rabin yini. Zaɓen inda za a sa magani shi ya ci mini mako, domin wurare uku ne, kuma kowanne yana da masu kare shi.

Gyara a wurin haɗin

Wannan shi ne abin da hannu ke fara kai wa. Ka buɗe tambayar da ke haɗa teburan, ka naɗe gurbin lokaci da to_date(from_utc_timestamp(lokaci, 'Africa/Niamey')), ka daidaita shi da ranar canji, ka sake gudu. Minti goma, akawu ya ga 1 ga Maris, kowa ya koma shan shayinsa. Ba ka taɓa fayil ko ɗaya ba, ba ka nemi izinin mai kula da injina ba, in ka yi kuskure ka goge layin.

Ranar da rahoto ke jiran sa hannun Alhaji mai gidan kasuwancin kafin azahar, ni ma haka nake yi. Aibinsa shi ne gyaran yana zaune a tambaya ɗaya tak. Rahoton bashi, rahoton kuɗin duwan, rahoton ladan dillalai, kowanne da nasa haɗin, kuma wanda ya rubuta su ba lallai ya san an yi wannan gyara ba. Bayan wata biyu sai ka sami rahotanni biyu daga tushe ɗaya suna musu da juna a kan awa ɗaya ta dare.

Akwai kuma tarko a cikin from_utc_timestamp kanta. Tana tura lokacin gaba da awa ɗaya ne bisa zaton cewa zaman aikin a UTC yake. Idan wani ya zo daga baya ya saita zaman a agogon Yamai, ƙarin ya zama biyu, sai cinikin ƙarfe sha ɗayan dare ya tsallaka gobe. An gudu daga ruwa an faɗa rijiya. Daga Spark 3.4 akwai convert_timezone da nau'in TIMESTAMP_NTZ, wanda ke riƙe lokacin bango yadda yake ba ruwansa da yankin zama, kuma sun rage wannan haɗarin. Amma sai in sigar da kuke da ita ta kai can.

Ta fuskar gudu ma akwai ɗan farashi. In an jera teburan cikin bokitai bisa gurbin da ake haɗi da shi don a guje wa kwashe bayanai tsakanin injina, naɗe gurbin da wani aiki yana ɓata wannan shiri. Haka in ka sa irin wannan naɗi a sharaɗin tacewa, Spark ba ya iya tsallake sassan da ba su shafe shi ba na fayilolin Parquet, tsarin fayil da ake ajiye teburan a ciki, sai ya karanta duka. A ƙaramin tebur ba za ka ji ba. A bayanan shekara biyar za ka ji a kuɗin haya.

Gyara a saitin garke

Hanya ta biyu ta fi burge masu kula da injina: layi ɗaya a saiti, spark.sql.session.timeZone ya zama Africa/Niamey, duk tambayoyi su warke lokaci ɗaya. Ga matsalar awa ɗayan nan, gaskiya yana aiki, kuma ya kamata a saita shi ko da wace hanya aka zaɓa, don kada sakamakon aiki ya dogara da ƙasar da aka yi hayar inji. Ga misalin da ke ba ni tsoro: injin da ke bin agogon Paris. Lokacin sanyinsu Faransa tana kan UTC da ƙarin awa ɗaya, daidai da mu. Za ka gwada komai a Janairu ka ga ya yi cif. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, wato 31 ga wata a 2024, su tura agogonsu gaba, rahotonka ya fara ƙarya har Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ba tare da wani ya taɓa ko harafi ɗaya ba.

Sai dai saiti maɓalli ne guda, gidan kuma ɗakunansa da yawa. Yana faɗa wa Spark yadda zai fassara kowane rubutun lokaci da bai zo da alamar yanki ba. To in manhajar sikeli tana fitar da "2024-03-01 00:20" a agogon Maradi, manhajar biyan kuɗi ta waya kuma tana fitar da irin wannan rubutu a UTC, wane yanki za ka saka? Duk wanda ka zaɓa, ɗayansu ya karkace. Bayanan da ma'aikatan ƙauye ke turowa ta KoboToolbox, manhajar cike fom a waya, sun fi sauƙin sha'ani, don lokacin buɗe fom da rufe shi yana zuwa da +01:00 manne a wutsiya, Spark kuma yana girmama shi. Saura kuwa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi wanda ya kafa su.

Kuma ikon saitin bai wuce Spark ba. Wanda ya buɗe fayilolin nan da wata manhajar tambayar bayanai, kamar Trino ko Hive, yana da nasa agogon. Ko a cikin PySpark, wato Spark na masu rubuta shiri da yaren Python, umarnin show tana nuna lokaci bisa yankin zama, collect kuwa tana miƙo shi bisa agogon injin da Python ke kai, har mutum ya rantse cewa bayanan sun canza alhali madubi ne ya bambanta. Akwai ma tsohuwar rigima a kan INT96, tsohuwar hanyar ajiye lokaci a Parquet: Hive da Spark suna mai da lokaci UTC kafin su rubuta, manhajar Impala kuwa tana rubuta shi yadda ta same shi. Tebur biyu, fayil iri ɗaya, fahimta biyu.

Wasu saituka biyu suna yawo a bakin mutane kamar layar tsari, kuma su na fi so a yi wa taka-tsantsan. Na farko spark.sql.legacy.timeParserPolicy. Lokacin da Spark 3.0 ya fito a 2020, ya sauya injin karanta kwanan wata zuwa wanda ya fi tsanani. Rubutu irin "1/3/2024" da tsarin dd/MM/yyyy, wanda tsohon ke karɓa, sabon ya ƙi shi, yana son d/M/yyyy. Aiki ya tsaya da jan rubutu, saƙon kuskuren ma da kansa yana ba da shawarar a saka LEGACY ko CORRECTED. Wanda ya saka LEGACY ya dawo da tsohon hali duka, har da yarda da babban Y a wurin shekara, wanda ke nufin shekarar mako: 30 ga Disambar 2024 sai ta fito da 2025 a goshi. Wanda ya saka CORRECTED ba tare da ya gyara tsarin ba, a sigogin 3 da ba a kunna tsaurin ANSI ba, wato saitin da ke tsai da aiki in an samu kuskure, abin da ya ƙi karantuwa yana zama NULL, wato gurbi wayam, shiru. NULL kuwa ba ya daidaita da komai, ko da ɗan'uwansa NULL, don haka layin yana ɓacewa daga haɗin ciki, wanda ke riƙe layukan da suka sami aboki kaɗai, babu ko sallama. Jan rubutun nan da aka kashe shi ne mai gadin da ke ihu. Spark 4.0 na 2025 ya kunna tsaurin ANSI tun daga akwati, wanda ke sa irin wannan rubutu ya tsai da aiki maimakon ya sulale, kuma ni ina ganin sun kyauta.

Na biyu shi ne na kalanda, datetimeRebaseModeInRead. Wannan labarinsa ya kai ƙarni huɗu da ɗoriya. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara kalanda, aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga wata. Spark 2.4 da na bayansa suna bin tsohuwar kalanda kafin wannan rana, Spark 3 kuma yana shimfiɗa sabuwar har baya. Za ka ce ina ruwan mai wake da 1582. Ruwansa shi ne tsofaffin manhajoji da yawa suna cike gurbin da ba a san ranarsa ba da 0001-01-01. In tsohon tsari ne ya rubuta fayil, aka karanta shi da CORRECTED, wannan rana tana zamewa kwana biyu ta koma 0000-12-30, sharaɗin da ke tsince ta ya daina ganinta. A nan saiti shi ne maganin gaskiya, amma a saka shi a kan karatun wannan fayil ɗin kaɗai, ba a kan garke duka ba.

Gyara a bakin ƙofa

Ta uku ita ce mai wahala, ita kuma na zaɓa. Duk bayanin da zai shigo, tun a ƙofa ake tare shi a yi masa tambaya biyu: da wane tsari aka rubuta ka, kuma a agogon wa? Daga nan a fitar masa da gurbi uku. Rubutun asali yadda ya zo, ba a taɓa shi. Lokacin gaskiya a TIMESTAMP. Sai wani sabon gurbi mai nau'in DATE, na kira namu ranar_ciniki, wanda aka lissafa sau ɗaya a agogon Maradi aka rubuta a fayil. Duk wani haɗi na rana da wannan gurbi ake yin sa.

Ƙarfin hanyar yana cikin halin DATE. Adadin kwanaki ne kawai tun daga 1970, lamba mai bayit huɗu, babu awa, babu yanki. Ko a Paris aka karanta shi ko a Legas, 1 ga Maris ce. Ya fi rubutu, don "2024-3-1" da "2024-03-01" a idon haɗi baƙin juna ne, sarari ɗaya a ƙarshen rubutu ma ya isa ya raba su. Ya kuma fi barin Spark ya sasanta nau'o'i da kansa. In ka haɗa DATE da TIMESTAMP kai tsaye, yana ɗaga ranar ta zama sha biyun dare cif, sai cinikin da aka yi a daidai wannan daƙiƙa kaɗai ya sami abokin haɗi. In ka haɗa DATE da rubutu, sigar 2.4 tana mai da ranar rubutu, sigar 3 tana mai da rubutun rana. Tambaya ɗaya, amsa biyu, gwargwadon sigar da aka girka.

A ƙofar ne kuma ake kama cututtukan da saiti bai san da su ba. Mu nan rana muke fara rubutawa kafin wata, yadda muka koya a lakwal. Kwamfutar da aka sayo daga Kano da saitin Amurka wata take farawa da shi. 03/04/2024 a hannun akawunmu 3 ga Afrilu ce, a waccan kwamfutar 4 ga Maris. Alamar wannan ciwo ba ta ɓuya: ranakun 1 zuwa 12 suna musanya wuri da wata ba hayaniya, daga 13 zuwa sama suna zama NULL. In ka ga komai ya taru a Janairu, wani ya rubuta ƙaramin mm, wanda ke nufin minti, a gurbin babban MM na wata. In ka ga lamba irin 45292 a gurbin rana, Excel ne, 1 ga Janairun 2024 ke nan a ƙirgensa, kuma ana dawo da ita ta ƙara adadin a kan 30 ga Disambar 1899. In ka ga shekara ta dubu hamsin da ɗoriya, an karanta lambar da ke ƙirga kashi dubu na daƙiƙa a matsayin daƙiƙa cikakka. Ko 9999-12-31 da ake sawa a ce "har yanzu yana aiki" tana da nata rikicin, don ma'aunin lokaci da aka saba da shi a pandas, kayan sarrafa tebur na Python, ba ya wuce shekarar 2262.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba na inji ba ne. Da muka zauna rubuta ƙa'idar ranar_ciniki, na tambayi akawun wata mota da ya rubuta wa "daren Juma'a". Na ɗauka Juma'a da dare yake nufi. Ya dube ni kamar baƙo. "Haba ƙanena, daren Juma'a ai Alhamis da dare ne. Kai ba a garin nan aka haife ka ba?" Gaskiyarsa, a wurinmu dare ke gaba da yini, daga magariba an shiga gobe. Sannan ya ƙara da cewa kuɗin da aka karɓa bayan an rufe akwati da la'asar sakaliya, a littafin gobe yake sa su, haka ya gada. Ranar kasuwancin gidan ba daga sha biyun dare take farawa ba. Babu sunan yanki da za ka saka a saiti ya san wannan. Sai da muka je gaban Alhaji ya yanke: rahoton kaya ya bi kalanda, rahoton kuɗi ya bi rufe akwati. Gurbin ya zama biyu, kowanne da ƙa'idarsa a rubuce.

Farashin hanyar ba kaɗan ba ne. Dole a sake sarrafa tsofaffin bayanai tun daga farko, a bi kowane rahoto a sauya masa gurbin haɗi, a kuma shirya wa ranar da jimillar wani watan da aka riga aka rufe za ta ɗan motsa, wanda bayaninsa ga mai gida ya fi rubuta shirin wuya. Layukan da suka ƙi karantuwa kuma ba a zubar da su, tebur na daban ake tura su, wani ya riƙa duba shi kowace safiya. In babu wanda zai ɗauki wannan nauyi, teburin zai cika ya zama juji.

Kafin ka zaɓi ko ɗaya, tabbatar ma kwanan watan ne ke da laifi. Ƙirga layuka kafin haɗi da bayansa. In sun ragu, yi nau'in haɗin da ake kira left_anti ka ga waɗanda suka rasa abokin haɗi, ka tara su bisa awa: in duk sun taru a awa ɗaya ta dare, agogo ne. In sun ƙaru, teburin canji yana da farashi biyu a rana ɗaya, na safe da na yamma, kowane ciniki ya haihu biyu. Irin wannan yana faruwa kuma a haɗin tsakani, inda farashi ke aiki daga rana kaza zuwa rana kaza, domin BETWEEN, kalmar da ake rubuta "tsakanin" da ita, tana haɗawa da bakin biyu duka, ranar da tsohon farashi ya ƙare sabo ya fara sai ta sami miji biyu. A sa "daga" ya haɗa da ranar, "zuwa" ya tsaya kafin ta. Wani lokacin ma teburan biyu ne ke da gurbi mai suna ɗaya, aka ɗauko na dama ana zaton na hagu ne. Umarnin printSchema da explain suna nuna nau'in kowane gurbi da duk wani juyi da Spark ya cusa ba a sa shi ba.

Ga wanda tambayarsa ɗaya ce, ta bincike, wadda ba za a sake gudanar da ita ba, gyaran wurin haɗi ya wadatar. Ga wanda duk bayanansa daga manhaja ɗaya suke fitowa da agogo ɗaya, saita yankin zama zai kai shi nesa. Wanda kuwa yake tara bayanai daga sikeli, da waya, da Excel ɗin mutum biyar a Tasawa da Gidan Rumji da Dakoro, ƙofa ce kawai za ta fishe shi, tare da saita yankin zama a matsayin kariya ta biyu. Zan ƙara da abin da masu sayar da hayar injina ba za su faɗa ba: in duk bayanan gidanku suna shiga kwamfuta ɗaya, PostgreSQL, rumbun bayanai da ke iya aiki a inji ɗaya, zai yi aikin, kuma rabin rigingimun da na lissafa na garke ne, ba za ku gamu da su ba. Rigimar agogo da ta daren Juma'a dai za su biyo ku can ma.

Namu aikin ya ƙare ne da mota ɗaya da ta ƙi shiga ko'ina. Sikeli ya ce 23:58, takardar direba ta ce 00:05, akawu kuma ya ce shi bai ga tashinta ba don ya tafi gida. Tana nan a teburin waɗanda suka ƙi karantuwa, da alamar tambaya a gefenta, har sai Alhaji ya dawo daga Katsina.